Ba Duka Aka Taru Aka Zama Ɗaya Ba

Wani mai sharhi ya faɗa a rediyo cewa matasan yau sun lalace, ba abin da suka sani sai TikTok da shaye-shaye. Shaye-shaye akwai shi, ba mai musu. Amma yaushe laifin wasu ya zama sunan kowa?

Malam, ka zo Kafin Hausa. Su wa ke cika azuzuwan Jami'ar Sule Lamido da aka kafa a 2013? Su wa ke dashen shinkafa a fadamar Haɗeja tun asuba, ruwa iya gwiwa? Su wa ke shiga kogi da lauje suna yanke kachalla don ruwa ya samu hanya?

A ambaliyar 2022, matasa ne suka kwana suna cika buhuna da ƙasa suna yin jinga. Me ya hana ka kai makirufonka can?

Sannan wa ke shigo da ƙwayar? Ɗan shekara 15 ne ke da jarin sarinta? Manya ne.

Yaron da kullum ake kira lalatacce, wata rana zai amsa sunan. In ka faɗi laifinsu, ka faɗi alherinsu.