Hana Yaro Zuwa Dam Ba Ya Hana Shi Nutsewa

Duk lokacin da kwale-kwale ya kife a Arewa, abu uku ake yi: a yi ta'aziyya, a kafa kwamiti, a hana shiga ruwa. Bayan wata biyu an manta da kwamitin, an manta da dokar, yara sun koma bakin ruwa, kuma har yanzu ba su iya iyo ba. Wannan hani shi ne nake jayayya da shi, domin lalaci ne da aka yi wa rawanin hikima.

A ƙarshen Nuwamban 2021 jirgi ya kife a dam ɗin Watari da ke Bagwai a jihar Kano, mutum sama da 20 suka rasu, yawancinsu ɗaliban Islamiyya. A watan Mayun 2022, cikin hidimar ƙaramar Sallah, aka sake yin irin wannan rashi a ƙaramar hukumar Mai'aduwa ta jiharmu Katsina, mafi yawan mamatan yara. Dalilan irin waɗannan haɗurra sanannu ne: lodi fiye da kima, tsohon jirgi, babu rigar kariya, fasinja bai iya ninƙaya ba. Wanne daga cikinsu ne dokar hani ta gyara?

Ga shi kuwa Allah bai hana mu ruwa ba. Mutumin Sukuntuni, ko na Kankiya, ko na Kusada, ba sai ya je Legas zai ga ruwa ya cika masa ido ba. Dam ɗin Zoɓe da ke yankin Dutsin-Ma, wanda aka kammala a 1983 a kan kogin Karaduwa, yana iya riƙe ruwa sama da kubik mita miliyan 170. Ga na Jibiya, ga na Ajiwa, ga na Sabke. An kashe dukiya an tara ruwa, amma ba a kashe sisi wajen koya wa yaran da ke kewaye da shi yadda ake zama lafiya a kansa ba.

Masu cewa Bahaushe ba ɗan ruwa ba ne su je Argungu. Tun 1934 ake bikin kamun kifi a can, kuma ba su kaɗai ake yi ba, akwai tseren kwale-kwale da gasar nutso, har UNESCO ta sa bikin cikin jerin al'adun duniya a 2016. Su je Yawuri su kalli Rigata. Sarkawa da Sarkin Ruwa ba daga Ingila aka kawo mana su ba. Abin da ya faru shi ne dam ya zo wa mutanen tudu a zamanin jiya, ilimin ruwa bai biyo shi ba.

Wasu kuma za su ce yawon shaƙatawa a jirgi wasan masu kuɗi ne, irin na kulob ɗin jiragen ruwa na Legas da Turawa suka kafa a 1932. To su ji labarin Optimist. A 1947 wani maƙerin jirgi a Filorida ta Amurka, Clark Mills, ya zana ɗan jirgi na yara wanda tsawonsa bai kai mita biyu da rabi ba, ana haɗa shi da falankin katako mai araha. Ba shi da inji, ba ya shan fetur. Sanda guda ce da ƙyalle, iska ke tura shi, yaro ɗaya ke tuƙawa. Yau da shi ake fara koya wa yara tuƙi a ƙasashe sama da 100. Darasin farko kuwa shi ne a kifar da jirgin da gangan, yaro na sanye da rigar kariya, ya koyi yadda zai miƙar da shi ya koma ciki ba tare da firgita ba. Kafintan da ke haɗa gadon amarya a Kankiya ba zai gaza haɗa wannan ba, iskar hunturu kuma kyauta take kaɗawa wata da watanni.

Akwai uzuri biyu masu nauyi. Na farko rashin tsaro: 'yan bindiga sun addabi yankunan Dutsin-Ma da Jibiya, ba mai hankalin da zai kwashi yara ya kai su inda ba a amince ba. Amma iyo ba sai a Zoɓe ake koyonsa ba, a fara da ruwan da ke kusa da gari, da rana tsaka, gaban iyaye. Na biyu tsargiya, wadda ake ɗauka a ruwan da ba ya gudu. Ita ma yaron da ke satar jiki ya tafi wanka ya fi kamuwa da ita bai faɗa ba, a kan wanda ke ƙarƙashin malami da ma'aikacin lafiya. Batun ƙaddara kuwa, gaskiya ce, amma ba ta taɓa hana mu ɗaure akuya da dare ba.

Saboda haka ga abin da nake nema. Gwamnatin Katsina da hukumar kogunan Sakkwato da Rima su ware gaɓa ɗaya a kowane dam mai tsaro, a auna zurfinta, a sa alama. A ɗauki masunta na wurin aiki su zama malaman iyo da masu ceto, a biya su. Kada kowa ya taka jirgi, ko na haya ko na wasa, sai da rigar kariya, a rubuta adadin mutanen da jirgi zai ɗauka a jikinsa, dagaci ya hukunta wanda ya ƙetare. Makarantun sakandare su haɗa ƙananan jirage a ɗakin koyon kafinta, a yi gasa bayan girbi, 'yan mata ma a ba su ranarsu da malamarsu.

Sallah za ta sake zagayowa, yara za su sake zuwa bakin dam da sababbin kaya da 'yan kuɗin yawon Sallah, ko mun yarda ko mun hana. Abin da ke hannunmu shi ne su isa can sun iya iyo, su kuma tarar da rigar kariya na jiran su.