Kafin A Kashe Kuɗi A Kan Talla

Tun daga watan Mayun 2023, da gwamnati ta janye tallafin man fetur, kuɗin mota ya ninka, abin da ke aljihun talaka kuwa ya ƙi motsawa, babu kukan da na fi ji a bakin masu ƙananan sana'o'i, daga mai tebur a bakin titi zuwa mai shago a cikin kasuwa, har da matar aure mai haɗa turaren wuta a ɗakinta, irin kukan cewa ga kaya an kasa amma ciniki ya ƙi. Kuma galibinsu, idan ka zauna da su ka nemi jin maganin da suke hange, sai su ce maka talla, suna nufin a biya wani mai tarin mabiya a TikTok ko Instagram ya ambaci sunansu, ko a kai sanarwa gidan rediyo. Ban ce wannan ba shi da fa'ida ba. Abin da nake gani dai shi ne, mai ƙaramin jari, kuɗin da yake shirin zubarwa wajen neman baƙon da bai taɓa ganinsa ba, da ya juya ko rabinsu wajen riƙe wanda ya riga ya taɓa saye a hannunsa, da ya fi ganin albarkar abin, kuma da sauri.

Hujjata a kan haka tana cikin tarihin fataucin ƙasar nan. Kasuwar Kurmi tana ci tun zamanin Sarkin Kano Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, kuma fataken da suka riƙa kai kaya Gwanja suna komowa da goro, har zuwa kan attajirai irin su Alhaji Alhassan Ɗantata da ya rasu a 1955, ba da shela suka kafa arzikinsu ba, da mutanen da suka yarda da su suka kafa shi. A da, a unguwar Sabo ta Ibadan, falke kan sauka da shanunsa a gidan maigidansa, maigidan ya ba shi masauki, ya nemo mahauta, a sayar da shanun bashi, shi kuma ya tsaya lamuni, alhali ba takarda ba kotu. Abin da ke riƙe da wannan mu'amala duka shi ne maigidan ya san kowane mahauci, ya san wanda ke biya a kan lokaci da wanda sai an bi shi, kuma ya san cewa ranar da ya ci amanar falke ɗaya, labari zai riga shi isa Kano. Sanin mutane shi ne jarinsa na haƙiƙa, kuma shi ne abin da nake ganin jikokinsa sun yi wa riƙon sakainar kashi.

Shiga kowane shago ka duba, za ka tarar da littafin bashi, domin dai ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, a cikin Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka, kuma ko ba don nassi ba tsoron asara ya isa ya sa mutum riƙe alƙalami. Amma da wuya ka tarar da littafi na biyu, wanda aka rubuta sunayen waɗanda suka biya kuɗinsu lakadan suka tafi, da lambar wayarsu, da abin da suka saya, da ranar da suka saya. Wato wanda ya ci bashi an adana sunansa, wanda ya kyautata kuwa an manta da shi tun bai kai bakin ƙofa ba. Mai sayar da shinkafa da ya rubuta cewa Malam wane ya ɗauki rabin buhu a farkon wata, kuma ya lura cewa gidan kan cinye shi a cikin mako shida, idan mako na biyar ya yi sai ya buga waya ya ce, “Ranka ya daɗe, sabuwa ta sauka, in ajiye maka ne?”, kuma da wannan kira guda ya riga maƙwabtansa duka. Mai atamfa da leshi a Kantin Kwari, wanda Hajiya ta ɗauki ankon bikin 'yarta a wurinsa, ya sani cewa gidan da aka yi biki, in Allah ya yarda, ba a daɗewa sai a yi suna, kuma a bayan amaryar akwai ƙanne.

Littafin nan kuma shi zai koya wa mai shi kalandar kasuwarsa. Gero da sukari da dabino a Sha'aban ake tanadinsu, yadi da hula da takalmi tun farkon Ramadan, igiya da wuƙa da gawayi da man suya kafin goma ga Zulhijja, littattafai da kayan makaranta a Satumba, man shafawa da rigunan sanyi kafin hunturu ya kankama, manomi kuwa da kaka yake da kuɗi. Tun da watannin Musulunci sukan matso da kimanin kwana 11 kowace shekara a lissafin Bature, wanda ya dogara ga ranar da ya sari kaya bara, bana zai iso kasuwa ya tarar an watse.

Sai mas'alar awo. Lokacin da madarar Cowbell ta shigo Najeriya a 1993 cikin 'yan ƙananan ledoji, masu ita sun gane abin da manyan kamfanonin da suka riga su ba su kula da shi ba, cewa talaka yana son madara, kuɗin gwangwani guda ne ba ya iya haɗawa a rana ɗaya. Wannan hikima ba baƙuwa ba ce ga tsohuwar da ke kasa daddawa da kuka, amma abin mamaki sai ka ga mai humra ba ta da kwalba sai babba, mai zuma ba ya sayarwa sai galan, alhali yau mutane na sayen abin yini ne, ba na wata ba. A kasa kaya ƙanana, wanda ya ɗanɗana ya ji daɗi zai komo da kansa neman babba. Kuma idan ciniki ya yi sanyi, kada a yi gaggawar karya farashi, domin saukar da shi abu ne mai sauƙi, mayar da shi kuwa rigima ce da kowane mai saye. Dubi dai gwanin mai awo: ya cika kwano har ya yi tozo, ya juye a leda, sa'an nan, yana cikin tambayar lafiyar yara, ya sa hannu ya damƙo wake ya watsa a kai, ya ce ga gyara. Abin da ya bayar bai kai kashi ɗaya cikin ashirin na kwanon ba, amma shi mai saye zai ba da labari a gida.

Ita kuwa wayar hannu, wadda ta zama farantin tallan wannan zamani, musamman ga matan da ke sana'a a cikin gida, ni'ima ce babba, sai dai ana wulaƙanta ta. Wata za ta jera hotuna arba'in a status ɗinta na WhatsApp rana guda, waɗanda bayan awa 24 duk sun ɓace, babu farashi a kan ko ɗaya, in ka tambaya a ce ka biyo ta gefe, kamar kuɗin kayan wani asiri ne. Mai kunya da mai ɗan kuɗi kaɗan, waɗanda su ne mafi yawan jama'a, sai su wuce shiru don gudun kada su taya su kasa. Hoto uku da farashi a rubuce sun fi. Saƙon murya gajere da Hausa ya fi dogon rubutu, domin da yawa daga masu kuɗin saye karatun boko yana yi musu nauyi. Tsoma mutum cikin zauren talla ba da izininsa ba kuwa rashin ladabi ne, kuma daga ranar ya daina duba abin da ake sawa. Mafi muni shi ne hoton da aka ɗauko daga intanet, ko wanda aka yi wa kwalliya har ruwan toka ya koma shuɗi. Wannan, ko da wane suna aka kira shi, shi ne algus da ɓoye aibi da fuƙaha'u suka yi bayani a babin ciniki na Risala da Muhtasar, inda suka tabbatar wa mai saye haƙƙin mayar da kaya idan aibin ya bayyana. A fita tsakar gida da hantsi, a shimfiɗa yadin a kan hannu, a ɗauke shi yadda Allah ya yi shi.

A nan ne nake da ja da allon nan da ake maƙalawa a shaguna, mai cewa kayan da aka saya ba a dawowa da su. Shari'a ta kwaɗaitar da mai sayarwa ya karɓi uzurin wanda ya yi nadamar ciniki, ko da kayan ba su da aibi, kuma ko ta fuskar riba zalla, takalmin da aka musanya wa uba saboda ya matse ƙafar ɗansa ya sayo wa mai shagon iyalin nan gaba ɗaya har su girma. Haka nan tela da ya san kekensa ba zai ɗinka fiye da abin da ya karɓa ba kafin Sallah, idan ya ce wa na ƙarshe, “Yallaɓai, ka yi haƙuri, na cika,” ya yi wa kansa talla mafi inganci, domin wanda aka mayar da gaskiya badi zai zo da wuri, wanda kuwa aka bari ya je Idi da tsohuwar riga ba zai yi shiru a majalisa ba.

Batun karɓar kuɗi ba sai na tsawaita ba, ƙarancin takardun naira na farkon 2023, bayan sauya fasalin 200 da 500 da 1,000, ya riga ya karantar da kowa, har mai ƙosai: a rubuta lambar asusu da manyan baƙaƙe inda ido zai gani, a kuma tabbatar kuɗin sun shiga kafin kaya su fita. In an ba direba saƙo a tasha, a kira mai shi da yamma a ji ko ya isa lafiya.

Akwai kuma tallan da ba a biyan ko kwabo, wanda dillalai mata suka daɗe da ƙwarewa a kansa: mai yadi ya san telan da zai tura wa mutane, tela ya san mai yadi, mai lalle da mai gyaran amarya da mai girkin biki kowace ta riƙe lambar 'yar'uwarta, in ta kama a yanka 'yar la'ada a fili, kowa ya sani. Sai bayan an yi wannan duka, littafi ya fara cika, kayan kuma sun isa su ɗauki sababbin mutane, sa'an nan nake ganin ya dace a ɗauki kuɗi a kai gidan rediyo ko a ba mai mabiya, kuma ko a lokacin ma da sharaɗi, wato duk baƙuwar fuskar da ta shigo a tambaye ta, “Wa ya kwatanta maka nan?”, a rubuta amsar a gefen sunan. Idan wata ya cika aka duba shafin, aka ga maƙwabta da 'yan'uwa ne suka turo kowa, ba wanda ya ambaci sanarwar da aka biya, to kada a sake biya.