Waiwaye: Ajin 1988 da Karatun Bayan La'asar

Waɗanda suka gama sakandare a 1988, a jihohin da suka rungumi sabon tsarin karatu da wuri, su ne zakarun gwajin dafin ilmin boko a Najeriya, kuma ni ma ina cikinsu. Da mu aka buɗe shirin UPE a watan Satumba na 1976, lokacin da gwamnatin Janar Obasanjo ta ce duk yaron da ya kai shekara shida ya tafi firamare kyauta. An yi tanadin yara miliyan 2.3, sai ga kusan miliyan 3 sun yi cincirindo a harabar makarantu. A ƙauyuka ba mai takardar haihuwa, don haka sai a ce yaro ya ɗora hannu ta bisa kansa ya kamo kunnensa. In ya kamo, ya isa shiga aji ɗaya.

Da muka gama firamare a 1982 sai aka sake gwada wani abu a kanmu, wato tsarin 6-3-3-4. Yayyenmu shekara biyar suka yi a sakandare, mu aka ce sai shida, uku a ƙarama, uku a babba. Da muka kai ƙarshe kuma, mu hukumar WAEC ta fara yi wa sabuwar jarrabawar SSCE. Ba mu da tsofaffin takardun tambayoyi da za mu duba, malamanmu ma laluben hanya suke yi tare da mu.

Makarantarmu ta kwana ce, ta gwamnati, maza zalla, a bayan gari. An kawo mana injunan koyon sana'a daga ƙasashen waje, domin sabon tsarin ya ce kafin yaro ya gama aji uku ya san aikin katako da na ƙarfe da na wutar lantarki. Har muka bar makarantar yawancinsu suna cikin akwatunansu a sito, ba wuta, ba kuma wanda ya san yadda ake harhaɗa su. A allo muka yi darasin fasaha, malam ya zana zarto da alli, mu kwafa a littafi. Har yau abin yana yi mini ciwo, domin akwai yara a ajinmu da Allah ya ba su basirar hannu, kuma aka bar ta ta tafi a banza.

Amma in muka haɗu yanzu, a wurin ɗaurin aure ko zaman makoki, hirarmu ba ta zuwa kan abin da aka rubuta a allo. Kullum tana komawa kan sa'o'in da ke tsakanin sallar La'asar da ƙararrawar cin tuwon dare, da daren Asabar. Na daɗe ina tunanin dalili, kuma abin da na gano shi ne a waɗannan sa'o'in aka ƙera yawancin mutanen da muka zama.

Ƙungiyar wasan kwaikwayo ita ce ta fi kowace farin jini. Malamin Hausa ne ke riƙe da ita, ba kuwa a ƙara masa ko kwabo a albashi saboda ita. A ɗakin cin abinci ake wasa. Mu harhaɗa tebura su zama dandamali, zannuwan gado su zama labule, in injin wuta ya ƙi tashi a jera fitilun ƙwai. Tunda ba mata, wasu daga cikinmu ke fitowa a matsayin mata, da zane da ɗankwalin da muka aro wurin iyayenmu mata masu dafa abinci. Su kuwa sai su tsaya a bakin taga suna kallo, gobe da safe su gyara wa yaro yadda mace ke yafa gyale. Mun yi Uwar Gulma, mun yi Jatau Na Kyallu, akwai kuma wanda ya iya kwaikwayon Samanja har ba ka bambance muryarsu.

Daga baya malam ya ce ya isa haka, mu rubuta namu. Wannan ya zo daidai da shekarun da tsarin SAP na gwamnatin Babangida, wanda aka shigo da shi a 1986, ya fara cizo. Naman da ake ba mu ya ƙanƙance, miya ta tsinke, gabza ta ƙara tauri. A wasu makarantu irin wannan ne ke jawo bore, a farfasa tagogi, a kori yara, a ce kowa ya dawo da mahaifinsa da kuɗin tara. Mu sai muka shirya wasa a kan wani gari da sarkinsa ke fitar da hatsi daga rumbu da mudu cikakke, amma kafin ya kai tukunya ya koma rabi. Firinsifal yana zaune a sahun gaba, bai yi dariya ba, bai kuma tashi ba. Cikin makon aka kira shugaban ɗalibai aka ce daga yau ɗalibi ɗaya daga kowane gidan kwanan ɗalibai zai tsaya a sito lokacin awo. Miyar ba ta koma yadda take a da ba, domin kuɗin ne babu, amma ta daina tsinkewa fiye da kima. A nan na fara sanin cewa ana iya faɗa wa babba gaskiya mai ɗaci a gaban jama'a ba tare da an ci mutuncinsa ba, kuma in babban mai hankali ne zai ji.

Ba mu muka fara wannan ba. Malam Aminu Kano tun yana ɗalibi a Kwalejin Kaduna, wadda daga baya ta zama Barewa, yake rubuta wasannin da ke sukar zalunci da cuta. Kuma shekara biyu bayan fitarmu, a 1990, ƙungiyar Tumbin Giwa ta Kano ta fitar da Turmin Danya a kaset ɗin bidiyo. Da yawa daga cikin waɗanda suka kafa harkar finafinan Hausa daga ƙungiyoyin wasan kwaikwayo suka fito, na unguwa da na makaranta.

Muhawara kuwa da Turanci ake yi, kuma wani ɗan bautar ƙasa daga Kudu ne ya raya ta a shekararmu ta huɗu. Batutuwan ba su da wani zurfi: likita da malami wa ya fi amfani, makarantar kwana ko ta jeka-ka-dawo, zaman birni ko na ƙauye. Darajar abin tana cikin ƙa'idar da ya kafa. Ba kai ke zaɓar ɓangarenka ba, ƙuri'a ake jefawa. Wata rana wani ɗan ajinmu, ɗan manomi, ya ciro takardar da ta ce ya kare zaman birni. Ya ce, "Malam, ni fa ban yarda da wannan ba." Malam ya ce, "Na sani. Je ka nemo hujjar waɗanda suka yarda." Ƙa'ida ta biyu ita ce, kafin ka rushe maganar abokin karawarka sai ka maimaita ta yadda shi da kansa zai gyaɗa kai. Ina sauraron shirye-shiryen siyasa a rediyo yanzu, ina karanta abin da ake rubutawa a Facebook, sai in ga ƙarancin masu wannan tarbiyya ya fi ƙarancin masu digiri damuna nesa ba kusa ba.

Gona ma akwai, kowane aji da kunyoyinsa na gyaɗa da masara. 'Ya'yan ma'aikata da ba su taɓa riƙe fartanya ba, a wurin 'ya'yan ƙauye suka koya, kuma a ranar noma ɗan ƙauyen da ake yi wa dariya saboda Turancinsa shi ne malami. Akwai 'yan sikawut, akwai masu ba da agajin gaggawa, akwai masu allon labarai da ke sauraron Rediyon Kaduna da BBC da asuba su rubuto kanun labarai da hannu su liƙa kafin a yi taron safe.

Sai wasanni. Gidaje huɗu ne, kowanne da launin rigarsa, kuma gidan da aka jefa ka ranar da ka zo shi ne danginka har ka fita. A watan Agusta na 1985 yaran Najeriya 'yan ƙasa da shekara 16 suka ci kofin duniya a ƙasar Sin, suka doke Jamus ta Yamma da ci 2 da nema. Sa'o'inmu ne. Da muka dawo hutu filin ƙwallo bai ƙara samun hutawa ba. Amma gasar guje-guje da tsalle-tsalle ta shekara-shekara ita ce babbar rana, musamman gudun miƙa sanda da ake rufe taro da shi. Wanda ke karɓar sandar ƙarshe a gidanmu wani yaro ne Kirista, wanda ya zo ta shirin musayar ɗalibai tsakanin jihohin Arewa. Yana zuwa taron ƙungiyarsu ta FCS ranar Lahadi, mu muna zuwa na MSS, da yamma kuma mu haɗu a fili.

A watan Maris na 1987 rikici ya tashi tsakanin ɗalibai Musulmi da Kirista a Kwalejin Ilmi ta Kafanchan, ya bazu zuwa Kaduna da Zariya da Funtuwa da Katsina, aka ƙone wuraren ibada, aka rasa rayuka. Labari ya iso mana ta rediyo, jita-jita kuma ta riga shi isowa. A daren nan kyaftin ɗin gidanmu, wanda shi ne ke yi mana limanci, ya jawo katifarsa ya shimfiɗa a bakin ƙofar ɗakin da yaran gidanmu Kirista suke. Ba wanda ya sa shi. Da wani ya tambaye shi, cewa ya yi, "'Yan gidana ne." Ba na cewa gudun miƙa sanda zai hana rikicin addini a ƙasa, abin ya fi haka zurfi. Abin da na gani da idona shi ne, yaron da ka yi shekara biyar kana ihun sunansa a bakin fili, ka ɗauke shi a kafaɗa ranar da ya ciyo muku kofi, da wuya wani ya zo cikin dare ɗaya ya mai da maka shi abokin gaba.

Ba komai ne mai kyau ba, kuma ba na son 'yan ajinmu su riƙa shafa wa wancan zamani zuma. Cin zalin da siniyoyi ke yi wa ƙanana, ɗiban ruwa da wanki da dukan bel da tsallen kwaɗo cikin rana, zalunci ne, ko da wasu na kiransa horo. Na san yaran da suka gudu gida saboda shi ba su dawo ba, karatunsu ya tsaya daga nan. Duk mai son a dawo da abubuwan da, to ya bar wannan a inda yake.

Shekarunmu biyu na ƙarshe sun yi tsanani. Darajar naira ta faɗi, malamanmu 'yan Indiya da Pakistan da Filifin da ke koyar da lissafi da kimiyya suka fara tattara kayansu, domin albashin ya daina isa a aika gida. Akwai zangon da muka yi ba malamin fizis, sai wani ɗan ajinmu mai ƙwaƙwalwa ke karanta littafi da daddare ya koya mana da safe. Sakamakon jarrabawar da yawa daga cikinmu bai yi kyau ba, wasu sai da suka sake zama. Amma ƙungiyoyin ba su mutu ba, domin ba su dogara da akwatin da aka yo oda daga waje ba. Abin da suke bukata malami ɗaya ne mai son abin, da fili, da lokaci. Ranar ba da kyaututtuka ta shekararmu, an kira wanda ya yi na ɗaya a lissafi, an kuma kira gwanin muhawara da gwanin gona da gidan da ya fi tsafta, duk a gaban iyaye da hakimin gari.

Yau lokacin nan ne ya ɓace. Bayan sace ɗalibai fiye da 300 a Ƙanƙara a watan Disamba na 2020, da na Kagara da Jangebe a watan Fabrairu na 2021, an rufe makarantun kwana da dama ko an mai da su na jeka-ka-dawo, kuma ba wanda zai ga laifin uban da ya ƙi barin ɗansa ya kwana a bayan gari. A birane makarantun gwamnati sun cika har wasu na yin zubi biyu, na safe da na rana, ba sauran yamma. Makarantun kuɗi da yawa a gidajen haya suke, ba filin da za a yi ko langa, in an tashi kuma sai lesin. Yaro zai yi shekara shida bai taɓa tsayawa gaban mutum ɗari ya yi magana ba, bai taɓa shan kaye a fili ya miƙa wa wanda ya kayar da shi hannu ba.

Ƙungiyoyin tsofaffin ɗalibai suna ƙoƙari, Allah ya saka musu. Amma kusan duk kuɗin da muke tarawa a kan gini yake ƙarewa: fentin ƙofar shiga, katanga, allo mai ɗauke da sunan ajin da ya yi aikin. Ana bukatar rufi da kujeru da rijiyar burtsatse, ban musa ba. Roƙona ga 'yan ajin 1988, da na gabanmu da na bayanmu, shi ne a ware wani kaso don abin da ba a liƙa masa allo. A ba malamin da zai tsaya da yara bayan an tashi ɗan alawus na wata-wata. A sayi ƙwallo da raga da kofi. A biya kuɗin motar da za ta kai yara muhawara makarantar da ke maƙwabtaka. Inda yamma ba ta samuwa, safiyar Asabar tana nan. A cikinmu akwai lauyoyi da 'yan jarida da malaman gona da tsofaffin sojoji, wasu ma sun fara ritaya. Kowannenmu ya ɗauki Asabar ɗaya a zango, ya je da ƙafarsa ya yi alƙalancin muhawara, ko ya riƙe usur, ko ya zauna da yara su rubuta wasansu, kuma a roƙi firinsifal ya zauna a sahun gaba ranar da za su nuna shi.