Zariya Ta Raini Gwanayen Ƙwallon Kwando, Ina Kulob Ɗinta?

Da la'asar sakaliya, in an taso daga Islamiyya, wasu yara a Dutsen Abba da ke Zariya sukan taru gindin wata sanda da suka ɗaure wa tsohon garen keke da waya. Ba raga, ba allo. Ƙwallon ma ta ƙafa ce da ta sha faci, in an buga ta a ƙasa sai ta tashi da ƙura ta nufi inda ta ga dama. Wani dogo a cikinsu, siriri kamar sillen kara, yakan jefa ta daga nesa ta faɗa garen ba ta taɓa ƙarfe ba. Abokansa su yi ihu. Manyan da ke wucewa a kan babur ko waiwaye ba sa yi.

Da sun san tarihin garinsu, da sun rage gudu. A Zariyar nan Masai Ujiri ya tashi. An haife shi a Ingila a 1970, iyayensa suka dawo da shi yana ƙarami, kuma ƙwallon ƙafa ya fara bugawa kamar kowane yaro, sai da ya kai shekara 13 ya kama ta kwando. Wanda ya riƙe hannunsa shi ne Oliver Johnson, Ba'amurken nan da 'yan wasa ke kira OBJ, wanda ya shafe shekaru masu yawa yana horarwa a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru. Ujiri bai yi suna a cikin fili ba. A ofis tauraronsa ya haska: ya fara da farauto wa Orlando Magic 'yan wasa ba ko sisin albashi, ya zama babban manajan Denver Nuggets a 2010, kuma yana shugabancin Toronto Raptors ta ɗauki kofin NBA a 2019.

To, garin da ya raini irin wannan mutum, ina kulob ɗinsa? A shekarun da gasar Firimiya ta ƙasa ke tashe, rukunin Savannah na Arewa ya ƙunshi Kano Pillars, Gombe Bulls, Bauchi Nets, Kada Stars ta Kaduna, Niger Potters da Plateau Peaks. Zariya na horar da yara, wasu garuruwa na sa musu riga. Ita ke noma, ana kai amfanin rumbun wasu.

Wani zai ce ai Kano na kusa, Pillars ta ishi kowa. Lallai Pillars ta yi abin a yaba. Ta ci gasar ƙasa a 2013 da 2014, Mark Mentors ta Abuja ta ƙwace a 2015, ta sake karɓowa a 2016 da 2017. A 2016 ɗin ta je Alƙahira ta zo ta uku a gasar zakarun kulob-kulob na Afirka. Sai dai Pillars ta gwamnatin jiha ce, kamar yawancin takwarorinta, kuma duk kulob ɗin da ke jiran sa hannun kwamishina kafin motarsa ta sha mai, ƙarfinsa na hawa da sauka ne da ra'ayin mai mulki. Ga kuma rikicin da ya faɗa wa hukumar ƙwallon kwando ta ƙasa a watan Yuni na 2017, lokacin da aka yi zaɓe biyu, ɗaya a Kano ya ba Tijjani Umar, ɗaya a Abuja ya ba Musa Kida. Gasar cikin gida ta yi ta tangal-tangal shekara da shekaru. Abin ya kai a 2022 gwamnatin tarayya ta janye Najeriya daga wasannin waje, 'yan matan D'Tigress suka rasa gurbin da suka yi gumi suka samu a gasar duniya ta Ostireliya, aka miƙa wa Mali. Manya na ja-in-ja a kan kujera, masu tasowa suka tsufa suna jira.

Ƙasar Girka na da darasi a nan, kuma da ɗan Najeriya aka rubuta shi. Iyayen Giannis Antetokounmpo daga Legas suka yi ƙaura, aka haife shi a Atina a 1994, ya tashi a unguwar Sepolia yana tallar agogo da tabarau, ko takardar zama ɗan ƙasa ba shi da ita. Ba manyan kulob-kulob irin Panathinaikos ko Olympiacos ne suka gano shi ba. Wani koci, Spiros Velliniatis, shi ya hango shi yana wasa da 'yan uwansa, ya kai shi Filathlitikos, ƙaramin kulob na unguwa. Daga rukuni na biyu na gasar Girka Milwaukee Bucks ta ɗauke shi a 2013, ya ci mata kofi a 2021. A shekarar ce kuma kulob ɗin Lavrio, wani ɗan gari na tsofaffin ma'adinai a bakin teku, ya kai wasan ƙarshe na gasar Girka. Gaskiya, Olympiacos ba ta cikin gasar a lokacin, kuma Panathinaikos ce ta yi nasara. Amma ai sai da kulob a ƙasa kafin a ce sa'a ta same shi.

Abin da Zariya ta rasa ke nan: kulob mai rajista, mai sunan gari, mai rukunin yara, wanda kuɗinsa ke fitowa daga 'yan kasuwar Tudun Wada da Sabon Gari da tsofaffin ɗaliban Samaru, ba daga baitulmali kaɗai ba. Sansanonin horo irin na Giants of Africa, da Ujiri ya kafa a 2003, suna da amfani, amma kwana kaɗan ne a watse. Kulob shi ke nan ran Litinin, shi ke nan ran Alhamis.

Kuma wasan ba mai cin fili ba ne. Mita 28 a tsaye, 15 a kwance, kwando a tsayin mita 3.05, filin ƙwallon ƙafa guda zai haɗiye irinsa fiye da goma. Siminti, ƙarfe biyu, allo biyu, sai koci da ake biya a ƙarshen wata. Kansilan Dutsen Abba da shugaban ƙaramar hukuma za su iya farawa da daɓe ɗaya a harabar makarantar firamare, kafin dogon yaron nan ya gaji da garen keke ya koma acaɓa.