ORM Ba Ta Ɗauke Wa Kowa Koyon SQL Ba

Wannan makon da masu cewa "wanda ya samu ORM ya huta da SQL" muke. Maganar ta yi yawa a bakin masu koyar da haɗa manhaja, har ta fara shiga rubuce-rubucenmu na Hausa, alhali ba gaskiya ba ce.

Rumbun bayanai irin wanda E. F. Codd ya tsara a 1970 tebur-tebur yake ajiye komai, layi bayan layi. Ita kuwa manhaja dunƙulallen abu take so, misali marubuci ɗaya riƙe da jerin littattafansa. ORM, irin su Hibernate da ta cikin Django, tafinta ce tsakanin biyun.

Ga inda gizo ke saƙa. Idan aka haɗa teburin marubuta da na littattafai da umarnin JOIN, mai littattafai 3 zai fito a layi 3, sunansa na maimaituwa. ORM ce za ta duba lambar shaidarsa, ta gane mutum ɗaya ne, ta tattara littattafan a ƙarƙashinsa. A ƙara teburin kyaututtuka, yana da 4, layukan sun zama 12. In kuɗin cinikin littattafan ake tarawa, kowanne an lissafa shi sau 4, kuma kwamfuta ba za ta ce uffan ba. Su kansu masu Django sun yi gargaɗi a kan wannan.

In aka guje wa JOIN ma ba a tsira ba. ORM takan kawo marubuta 100 da tambaya ɗaya, sannan ta koma rumbun sau 100 neman littattafan kowannensu: tambaya 101 ke nan a inda biyu suka wadatar. Maganin yana nan, prefetch_related a Django, amma wa zai neme shi bai san cutar ba?

Za su ce ai ORM tana rage wahala. Mun yarda, ba mu ce a jefar da ita ba. Amma wanda ba ya jin harshen, yaya zai gane tafinta ya kauce?

Don haka duk wanda zai rubuta darasi a kan ORM, ya fara buɗe SQL ɗin da take aikawa, ya ƙirga layukan da suka dawo da idonsa. In bai yi ba, ya ajiye alƙalami tukuna, kada ya koya wa ƙannenmu lissafin da zai ci kuɗin mutane.