Sanƙarau, Bincike da Haƙƙin Harshe

A shekarar 1996 annobar sanƙarau ta auka wa arewacin Nijeriya, ta hallaka mutane fiye da 11,000. Ana cikin wannan hali ne kamfanin Pfizer na Amurka ya sauka Asibitin Zana a Kano domin gwada sabon maganinsa na kashe ƙwayoyin cuta, wato Trovan. Yara wajen 200 aka ɗiba, rabi aka ba su Trovan, rabi ceftriaxone, 11 suka rasu. Iyaye sun ce ba a shaida musu gwaji ake yi ba. Kamfanin kuwa ya ce ma'aikatan jinya sun yi bayani da Hausa. Gwamnatin Kano ta kai ƙara a 2007, aka sasanta a 2009 a kan dala miliyan 75.

Lalle ba a samun magani sai da gwaji, amma yardar da babu fahimta a cikinta ba yarda ba ce. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu: da aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano a 2003, zancen Trovan yana cikin hujjojin da jama'a suka riƙa kawowa.

A nan ne nauyi ya hau kan masana Hausa. Wajibi ne su zauna da likitoci su tsara takardar neman yarda, da boko da ajami, a karanta ta gaban shaidu, yadda uwa daga Yakasai ko Ƙofar Mata za ta bambance gwaji da jinya, ta kuma san ko ta ƙi, za a yi wa ɗanta magani.