Sharhi: Shingayen da ke gaban ɗaliban kasuwanci kafin ganawar neman aiki

Duk lokacin da bankuna da manyan kamfanoni suka shiga makarantun koyon kasuwanci domin zaɓen sababbin ma'aikata, shawarar da akan bai wa ɗalibi ba ta wuce ya gyara takardunsa, ya kuma koyi amsa tambayoyi cikin natsuwa ba. Shawara ce mai kyau, sai dai da yawa kan faɗi tun kafin a kira su ganawa.

Sharaɗin shekaru ne kan gaba. Bankuna da dama ba sa ɗaukar sabon shiga da ya haura shekara 26 ko 27, kuma sai ya kammala hidimar ƙasa. Ɗalibin jami'ar gwamnati kuwa ya yi asarar kusan wata tara a yajin aikin ASUU na 2020, da wasu takwas a 2022, alhali yajin bai taɓa takwaransa na jami'a mai zaman kanta ba. Da ranar haihuwa ake tace shi, ba da abin da ya sani ba.

Ga kuma nisa. Hedikwatar yawancin bankuna na Legas, don haka ɗalibin Makarantar Kasuwanci ta Legas, wadda aka kafa a 1991, ya fi na Makarantar Kasuwanci ta Ɗangote da ke Jami'ar Bayero, Kano, kusanci da masu ɗaukar aiki. Ganawa ta intanet ta rage kuɗin mota da masauki, amma yankewar layi a tsakiyar amsa kan sa kwamiti ya wuce zuwa suna na gaba.